Sunan da Ba a Kira a Sujada Ba

Galtimari, Maiduguri
11 ga Maris, 2024

Ɗana Justin,

Kafin in tambayi lafiyarka sai in faɗa maka laifin da na yi, domin yana cikin ambulan ɗin nan tare da wasiƙata. Takardar da ka roƙa ce, wadda za ta shaida wa majami'ar Kampala cewa ba ka da aure a gida. Na rubuta ta, na buga mata hatimin ikilisiya, Fasto ya sa hannu bai karanta ba saboda ni ce na miƙa masa. Amma ban sa an kira sunanka a sujada ba. Ka san ƙa'idarmu: ba a ba mutum irin wannan takarda sai an kira sunansa Lahadi uku a jere, domin wanda ya san wani abu ya tashi ya faɗa. Kai ko Lahadi ɗaya ba a yi maka ba.

Yanzu in gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya aiki, yaya Margaret? Mu nan lafiya, sai zafi da ya shigo da wuri bana. Gwiwata tana nan yadda ka san ta.

Ka riga ka tafi karatu Uganda lokacin da dattawa suka damƙa mini sabon littafin aure, don haka ba ka ji abin da na faɗa a gabansu ba. Tsohon littafin ya ƙone tare da majami'armu ta Bayan Dutse, da auren mutane na shekara hamsin a cikinsa. Da jama'armu suka gudo garin nan suka sake haɗuwa, aka ce ni zan mayar da shi daga bakin mutane, aure bayan aure, tun da na yi aikin akawu. Na ɗora hannu a kansa na yi wa Allah alkawari: duk auren da shaidu biyu masu rai suka tabbatar zan rubuta shi, ko na wane ne, wanda ba su tabbatar ba kuwa ba zai shiga ba. Shekara takwas ke nan, na kai layi na ɗari huɗu da sha ɗaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ban ga sunanka ba. To amma littafin da rabinsa ke cikin kawunan tsofaffi, “ban gani ba” a cikinsa ba shaida ba ce. Shi ya sa aka kafa kiran suna.

Ka rubuta mini cewa, “Gwaggo, don Allah kada a kira sunana a sujada.” Na fahimce ka. Mutanenmu da baki. Za su ce 'yan matan gida sun ƙare ne ya je ya ɗauko 'yar Uganda. Ka kuma ce ranar auren ta matso, ba a kuwa karɓar neman bizar Margaret sai da takardar aure. Waɗannan dalilanka ne. Nawa ya fi su muni. Na binciki zuciyata, na tarar daɗi na ji da ka nemi abu a hannuna. Ban haifa ba. Mahaifinka ɗan baffana ne kawai, amma wata takwas ɗin da ka yi a gidan nan bayan gudu su ne kaɗai lokacin da na tuƙa tuwon mutum biyu. Sai na ce a raina, maganata ta kai Lahadi uku. Girman kai ne, na kuwa kai shi gaban Allah.

Ka bayyana mini wace irin biza ce wannan da ba ta jiran mako uku.

Gwaggonka,
Ketura

Kampala
2 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa da ladabi. Yaya gwiwa? Kina shafa man da na aiko, ko kin ajiye shi sai ranar tashin matattu kamar yadda kika yi da bargon nan?

An ɗaura aure ranar 13 ga Afrilu. Faston nan ya ɗaga takardarki ya ce bai taɓa ganin rubutun hannu mai tsabta irin wannan ba. Gwaggo, ke kam kin iya mai da allura garma. In Allah yana hukunta mutum kan kiran suna, wa zai rage a benci?

Ga batun biza. Akwai ta baƙunci, wadda ake shiga da ita sau ɗaya, bayan 'yan makonni a fita. Ba ta yi mana ba. Aikin da na samu a ƙungiyar agaji a nan Maiduguri zai fara a watan Satumba, mahaifiyar Margaret kuma tana fama da ciwon suga, ita kaɗai ce 'yarta mace. Don haka muna neman biza ta matar ɗan ƙasa, mai dogon wa'adi, wadda za ta riƙa shiga da fita da ita duk lokacin da tsohuwar ta kira, ba sai ta sake bin layi ba. Mun miƙa fasfo, da takardar aure, da hotuna, da wasiƙata ta ɗaukar nauyinta. Saura adireshin inda za ta zauna, na kuwa rubuta naki. Ki taimaka da 'yar wasiƙa mai tabbatar da haka. Ki kai wa Kaltum mai shagon kwamfuta ta turo mini, kamar yadda take turo sauran.

Margaret ta yi miyar kuka da garin da kika aiko. Ta fito kamar kwaɓin siminti. Na cinye na ce madalla, yanzu kullum ita take so ta yi. Ki zo ki cece ni. Ta dage sai ta rubuta miki da hannunta, ga shi:

Sannu Gwaggo. Ni ce Margaret. Ina zuwa gida.

Ɗanki,
Justin

Galtimari
10 ga Yuni

Justin,

Ina gaishe ka, domin haka aka koya mini in fara wasiƙa. Lafiyata ƙalau. Wasiƙar adireshi ta same ka tun watan jiya, na kuma sa an shafe ɗakin da ka zauna da fenti saboda amarya.

Ranar Alhamis da safe ina ofishin majami'a mutum uku suka yi sallama. Baba Thomas ne, tsohon dattijon ƙauyenmu, da Mama Rebeka mai ɗinki, da wata mace mai kimanin shekara talatin da ban sani ba. Watan jiya suka dawo daga sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a Kamaru.

Baba Thomas ya dube ni ya ce, “Ketura, har yau ba ki yi ƙiba ba? Birni bai karɓe ki ba.”

Na ce, “Baba, kai ma Kamaru ba ta mayar maka da gashinka ba.”

Muka yi dariya, muka lissafa waɗanda suka rasu. Sannan ya ce, “Aure muka kawo miki.”

Na buɗe littafi, na cire murfin alƙalami. Sunan amarya, Serah Jona. Na tambayi sunan ango. Matar ta ce, “Justin Yoila.”

Na ce masu suna Justin suna da yawa. Mama Rebeka ta ce, “Yoila mai gyaran rediyo nawa ne a ƙauyen? Ɗan ɗan'uwanki mana.”

Ka san yadda nake aiki. Ba na sauraron shaidu tare. Na fitar da Mama Rebeka ƙarƙashin dalbejiya na tambayi Baba shi kaɗai, sannan na musanya su. Allah ya ga zuciyata: ban taɓa yi wa shaidu tambayoyi masu tsanani irin na ranar ba, ina neman inda maganarsu za ta rabu. Ba ta rabu ba. Ranar Alhamis ce, cikin watan Oktoba na 2013, shekarar da aka yanke layukan waya, abin da ya sa mu na birni ba mu ji labari ba. Babu kiɗa, babu guɗa, Faston ƙauye ya ce a rera waƙa ƙasa-ƙasa. Zanen Mama Rebeka amarya ta ɗaura. Baba Thomas ya tsaya a madadin mahaifinka, wanda aka binne wata biyu kafin nan. Kowannensu kuma, ba tare da na tambaya ba, ya ce takalmin ango ya tsinke a bakin ƙofa, ya shiga da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Serah ta ce mini, “An ce ke gwaggonsa ce, sai na ce to aikin ya zo da sauƙi.”

Na tambaye ta me za ta yi da takardar. Ta ce 'yarta za ta shiga sakandare, ana neman takardar shaidar asali, ita kuwa ta wajen uba ake bin ta. Na ce yaya sunan yarinyar.

“Ketura. Shi ya raɗa mata ta waya. Ya ce sunan wadda ta riƙe shi ne.”

A watan Yulin 2014 aka haife ta. A watan Yulin 2014 kana gidana, kana cin tuwona, muna addu'ar safe tare. A watan ne kuma na sa hannu a takardar tallafin karatun da ikilisiya ta ware wa samari marasa aure. Sau biyu ke nan na tsaya maka shaida a kan abu ɗaya.

Ta ce rabonta da muryarka shekara shida, kuma maganarka ta ƙarshe ita ce ta jira. Ta tambaye ni ko kana lafiya. Na ce kana lafiya. Sannan na mayar da murfin alƙalami, na ce Fasto ya yi tafiya, su dawo mako mai zuwa. Gaskiya ne ya yi tafiya. Amma ban taɓa jiran Fasto kafin in rubuta layi ba.

Da na dawo gida na ɗauko tsohuwar wasiƙarka na sake karanta wurin nan: kada a kira sunana a sujada. Ni na ɗauka kunya ce. Har na tausaya maka.

Ba don ban sani ba nake tambayarka. Shaidu biyu sun riga sun faɗa. Ina so ne in ji da wane baki za ka faɗa.

Ketura

Galtimari
24 ga Yuni

Justin,

Ina fata kana lafiya, ko da yake ba ni da hanyar sani. Kaltum ta ce wayarta ta nuna ka buɗe wasiƙata tun ranar da ta tura ta. Na ce ta sake dubawa. Ta ce, “Mama Ketura, waya ba ta ƙarya, masu riƙe ta ne ke yi.”

Serah ta dawo sau biyu, da ƙafa daga unguwar Bulabulin inda take raɓe a gidan wasu. Na farko na ce ina da taron zumuntar mata. Na biyu cewa kawai na yi ta ƙara haƙuri. Ta ce, “Ba komai, Mama. Jira ba baƙona ba ne.”

Jiya aka yi Jibin Ubangiji, aka zagayo da gurasa da ƙoƙo. Na bar ƙoƙon ya wuce ni. Wadda ke kusa da ni ta ɗauka azumi nake.

Ban san me nake jira ba. Wataƙila ina jiran ka rubuto wata magana da za ta sa tsofaffi biyu su zama maƙaryata. Ka ga inda ka kai ni.

Ketura

Kampala
4 ga Yuli

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na fara wasiƙar nan ya fi sau goma.

Gaskiya ne. Amma ba ki nan a lokacin. Jita-jita ta cika ƙauye cewa in masu bindigar nan suka shigo 'yan mata suke kwashewa, matan aure kuwa suna ƙyale su. Cikin mako ɗaya aka ɗaura aure tara. Mahaifin Serah ya zo har gida ya durƙusa mini, dattijo da furfurarsa. Shekarata ashirin da ɗaya. Minti goma aka yi an gama. Na zo Maiduguri in nema mana wurin zama, ƙauye ya watse a bayana, ita ta yi gabas ni ina yamma. Da maganar tallafin karatu ta taso na ce in yi shiru, in na gama in ɗauko su. Shiru ɗaya ya haifi wani. Daga baya na kasa tuna fuskarta, Gwaggo. Littafin ma ya ƙone. Na ɗauka Allah ne ya rufe mini wannan shafin.

Ba na cewa kada ki rubuta. Ina cewa ki jira. An ba mu ranar 29 ga watan nan mu je karɓar fasfo. In kika rubuta yanzu dattawa za su ji, in suka ji za su sanar da majami'ar nan, takardar aurenmu ta zama abin tuhuma, bizar kuma ta tafi. Kwana ashirin da biyar kawai. Bayan nan zan zo da kaina in zauna da Serah da dattawa, yarinyar kuma ba za ta rasa makaranta ba.

Margaret ba ta san komai ba. Tana da ciki wata uku. Kullum tana tambayata wane launi kike so ta sayo miki zane.

Ki kuma tuna da kanki. Takardar Maris da hannunki kika rubuta ta. In magana ta fito, horo za su sa ki, su karɓe littafin. Shekara takwas na wahalarki. Ashe alkawarin da kika yi wa littafi ya fi ni?

Ɗanki,
Justin

Galtimari
15 ga Yuli

Justin,

Ina gaishe ka. Damina ta sauka, gwiwata ta kumbura, in ban da haka lafiya nake.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Abin da ka faɗa game da ƙauye na yarda da shi, na kuma yi kuka saboda yaron nan mai takalmi ɗaya. Da ka faɗa mini wannan a shekarar da ka zo, a kan tabarmar da muke addu'a, da na bi dattawa gida gida har sai sun sassauta maka ƙa'idar tallafin. Ba ka ba ni wannan damar ba. Ka ba 'yarka sunana, ni kuma ka ba ni takarda in sa hannu.

Amma sakin layinka na ƙarshe shi ya warkar da ni daga jira. Ka tuna mini da horo. A nan na gane ba a banza ka zo wurina a watan Maris ba. Ka san wadda ta buga hatimi ba bisa ƙa'ida ba, bakinta ya ɗaure. Ban ce ka zauna ka ƙulla haka ba. Zuciyarka Allah ne ya san ta. Na dai ce da ka matsu, igiyar da ka ja ke nan.

Na yi ta tambayar kaina ko don Serah nake fushi ko don sunana. Ban sami amsa mai tsabta ba. Duka biyun suna ciki, kuma ina tsoron na biyun ya fi yawa. Sai dai alkawarin bai ce in rubuta ranar da zuciyata ta yi fari ba. Ba kuma littafi na yi wa shi ba.

Ka ce kwana ashirin da biyar. Ka duba abin da kake roƙo. Bizar Margaret tana tsaye a kan takardar aurenku, takardar aurenku tana tsaye a kan takardata, takardata kuwa ba ta tsaye a kan komai. So kake in riƙe bakina har baiwar Allah ta haye wannan ginin da cikinta, ta bar uwarta, ta sauka a garin da kowace tsohuwa a benci ta san abin da ita ba ta sani ba.

Ranar Alhamis na aika aka kira Serah da shaidunta. Kafin in rubuta na faɗa mata komai, har da abin da ni na yi. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, “Ita matar ta sani?”

Na ce ba ta sani ba.

Ta ce, “To, mu biyu ne.”

Na ce ga ɗaki a gidana, sabon fenti, ta zo da yarinyar. Ta ce, “Na gode, Mama. Ɗakinsa ne. Na gaji da zama inda ake jiransa. Takardar kawai nake so.”

Jiya bayan wa'azi na tashi a gaban jama'a na faɗi abin da na yi a watan Maris. Fasto ya kira sunanka, ya ce wanda ya san wani abu ya tashi. Mutum bakwai suka miƙe. Uku daga cikinsu suna garin nan tun kafin Maris, suna zama layi biyu a bayana kowace Lahadi. Sun ɗauka na sani. Lahadi ɗaya ma da ta isa.

An sa ni horo wata shida. Bencin baya zan zauna, ba Jibi, littafin kuma na miƙa shi. Dattawa za su rubuta wa majami'ar Kampala. Na roƙe su kwana bakwai, ba don bizar ba, sai don Margaret ta ji daga bakinka kafin ta ji daga bakin baƙo. In kwana bakwai suka cika ba ka faɗa mata ba, ni zan rubuta mata; na yi akawu shekara ashirin, Turancina bai mutu ba. Ita ba ta yi mini laifi ba. Ta rubuta mini cewa tana zuwa gida, na kuwa ajiye takardar. Ban san da wace biza za ta taɓa shigowa ƙasar nan ba, ko ma za ta so. In ta zo, ƙofata a buɗe take. Kai ma ban rufe maka ita ba, amma kada ka sake kawo mini abin da zan sa wa hannu.

Ka tambaye ni game da alkawarina, saboda haka in ba ka amsa a fili. Ƙa'idar ikilisiya na karya ta a watan Maris, saboda kai da saboda girman kaina. Alkawarin da na yi wa Allah kuwa, na riƙe shi mako biyar a rufe cikin aljihun tebur, na mai da Serah gida sau uku hannu wofi, wannan kuma zan amsa shi. Amma na rubuta. Layi na ɗari huɗu da sha biyu: Justin Yoila da Serah Jona, Oktoba 2013, shaidu Thomas da Rebeka. Shi ne layi na ƙarshe da hannuna ya sa a littafin.

Na makara, amma na cika alkawarina.

Gwaggonka,
Ketura